"Sa lambda kawai" ba amsa ba ce, ku daina ruɗa masu koyon Tkinter

Yau maganar da zan yi ba za ta yi wa wasu daɗi ba, musamman masu koyar da Python a bidiyo da masu saurin ba da amsa a guruf. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Duk wanda ya fara haɗa manhaja mai taga da maɓallai da Tkinter, ko a laftof ko a waya ta cikin Pydroid 3, akwai ranar da zai ci karo da tambaya ɗaya: ta yaya zan miƙa wa fanshin ɗina wani bayani idan an danna maɓalli? Da ya tambaya, amsar da ake jefo masa ba ta wuce kalma uku: "Sa lambda kawai." Ya sa, abu ya yi aiki, ya yi godiya, kowa ya watse.

Ni a ganina wannan amsar cuta ce. Tana kashe wutar da ake gani, ta bar wadda ke ci a ƙarƙashin toka. Wanda aka ba shi ita ya tafi da kalma, bai tafi da fahimta ba, kuma nan gaba kaɗan wannan lambdar za ta sa manhajarsa ta riƙa rubuta kuɗin wani a asusun wani, ba tare da kwamfuta ta nuna kuskure ko ɗaya ba. Biyo ni a hankali ka gani.

KUSKUREN FARKO, WANDA KOWA YA SANI

Ga yadda kusan kowa ke fara rubutawa. Idan tazarar farkon layi ta ɓace wurin kwafa, ka mayar da ita, don Python ba ya wasa da ita.

import tkinter as tk

def gaisuwa(suna):
    print("Sannu", suna)

taga = tk.Tk()
tk.Button(taga, text="Gaisa", command=gaisuwa("Audu")).pack()
taga.mainloop()

Kana kunnawa, tun kafin ka taɓa komai, sai ka ga "Sannu Audu" ta fito. Ka danna maɓallin sau goma, shiru kake ji. Me ya faru?

A Python, rubuta sunan fanshin shi kaɗai daban ne da rubuta shi da baka biyu a gabansa. Idan ka rubuta gaisuwa, kamar ka ba mutum lambar wayar makanike ne ka ce ya ajiye, ranar da mota ta lalace ya kira. Idan ka rubuta gaisuwa("Audu"), ka kira makaniken ke nan yanzu-yanzu, ya zo ya yi aikinsa ya tafi. Abin da ya rage a hannunka shi ne abin da fanshin ɗin ya dawo da shi, kuma tunda babu return a ciki, None ne. Ke nan abin da ka rubuta daidai yake da command=None. Tkinter kuwa idan ya ga None sai ya tsallake shi, ya ba ka maɓallin da ba a ɗaura masa aikin komai ba. Shi ya sa ba ka ga jan rubutu ba.

Wurin command lambar waya yake so, ba ya son a kira a gabansa. To amma kai kana so in an tashi kiran a haɗa da saƙo, wato "Audu". Nan ne lambda ke shigowa:

command=lambda: gaisuwa("Audu")

Lambda ba tsafi ba ce. Ƙaramin fanshin ne marar suna da aka rubuta a layi ɗaya. Ka ƙirƙiri wani ɗan aike wanda aikinsa kawai shi ne in an tashe shi ya je ya kira gaisuwa da "Audu". Shi ka miƙa wa maɓallin. Har nan babu gardama, masu cewa "sa lambda" sun faɗi daidai. Laifinsu shi ne nan suke tsayawa.

INDA ABIN KE LALACEWA

Ɗauki misalin manhajar da matasa da yawa ke fara sayarwa: littafin bashi na mai shago. Jerin sunayen masu bashi, kowane suna da maɓallinsa, wanda ya kawo kuɗi a danna nasa a rage masa. Ba wanda zai zauna ya rubuta maɓalli ɗari da hannu, zagaye ake yi:

masu_bashi = ["Audu", "Binta", "Sani"]

for suna in masu_bashi:
    tk.Button(taga, text=suna, command=lambda: an_biya(suna)).pack()

Ka bi shawarar da aka ba ka, ka sa lambda. Taga ta buɗe tsaf: Audu, Binta, Sani, kowa da maɓallinsa. Danna Audu. Sani aka rage wa bashi. Danna Binta. Sani aka rage wa. Danna Sani, shi ɗin dai. Duk wanda ya biya, na ƙarshe a jerin ne ke cin moriya.

Ka tsaya ka yi tunanin wannan a shagon gaske. Binta ta kawo dubu biyar, mai shago ya danna sunanta, ya ce ta tafi an rubuta. Ƙarshen wata ya buɗe ya ga kuɗin na nan a kanta. Ita ta rantse ta biya, shi ya ce ai kwamfuta ba ta ƙarya. Zumuncin shekaru ya lalace a kan layi ɗaya da kai ka rubuta. Kuma ba a nuna maka kuskure ba, domin a wurin Python babu kuskure, abin da ka ce ya yi shi ya yi.

Dalilin shi ne lambda ba ta ɗaukar abin da ke cikin suna a lokacin da aka rubuta ta. Sunan mazubin kawai take riƙewa, sai ranar da aka danna take leƙawa ta ga me ke ciki. Kamar malami ne ya kira yara uku ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ce masa: "In an buga ƙararrawa, ka duba allo ka kira sunan da ke rubuce." Lokacin da yake magana da na farko, Audu ne a allon. Ya goge ya rubuta Binta, ya goge ya rubuta Sani. Da aka buga ƙararrawa duka ukun suka duba allo ɗaya, Sani suka gani. Zagayen for ya daɗe da ƙarewa kafin wani ya taɓa maɓalli, abin da ya bari a cikin suna kuwa shi ne na ƙarshe.

Za ka ce to me ya sa rubutun kan maɓallan ya fito daidai? Saboda text=suna nan take ake karanta shi, a cikin zagayen. Abin da ke cikin lambda ne aka jinkirta. Wannan ne ma ya sa tarkon yake da haɗari, ido na ganin komai daidai.

Ba sai kana da kwamfuta ba, gwada wannan a wayarka yanzu:

ayyuka = [lambda: i for i in range(3)]
print([f() for f in ayyuka])

Kana tsammanin 0, 1, 2. Abin da za ka gani shi ne 2, 2, 2.

Wannan ba wani ɓoyayyen sirri ba ne. Yana nan a cikin tambayoyi da amsoshin da masu Python da kansu suka wallafa a shafinsu. Mai koyarwar da ya nuna maka lambda bai nuna maka wannan ba, ko dai bai sani ba, ko ya sani ya ga bidiyon zai yi tsawo. Ko wanne ne, bai kyauta maka ba.

TAMBAYAR DA YA KAMATA A KOYA MAKA

Duk wannan darasin a kan tambaya ɗaya ya rataya: bayanin da zan miƙa, yaushe nake so a karanta shi? Lokacin da ake ƙirƙirar maɓallin, ko lokacin da aka danna shi?

Sunan mai bashi, lokacin ƙirƙira kake so a kama shi a ƙulle. Hanya biyu ce sananniya. Ta farko:

command=lambda s=suna: an_biya(s)

Wannan s=suna ɗin shi ne maganin. A Python, ƙimar da aka ajiye wa fanshin a matsayin ta ko-ta-kwana ana lissafa ta ne a daidai lokacin da ake ƙirƙirar fanshin ɗin. Ke nan kowane yaro an rubuta masa sunan a takarda an sa masa a aljihu, ba ruwansa da allo. Koma kan gwajin wayar can ka canza shi zuwa lambda i=i: i, za ka ga 0, 1, 2.

Ta biyu:

from functools import partial

command=partial(an_biya, suna)

Partial tana ɗaukar fanshin da saƙonsa ta haɗa su a ambulan ɗaya ta liƙe, sai an danna a buɗe. Tun Python 2.5 da ya fito a 2006 take nan, ba sai ka sauke komai ba. Ni a cikin zagaye ita na fi so, domin mai karanta kod ɗinka yana kallo ya san me ake nufi, kuma babu wani s= da za a manta.

To amma kar ka tashi daga nan ka je kana cewa "sa partial kawai", don ka sayar da biri ka sayi kare ke nan. Duba wannan:

akwati = tk.Entry(taga)
akwati.pack()
tk.Button(taga, text="Ajiye", command=partial(ajiye, akwati.get())).pack()

Nan partial ce ta kashe ka. An kira akwati.get() tun taga ba ta gama buɗewa ba, lokacin da akwatin ba komai a ciki. Mai shago ya rubuta 5000 ya danna, fanko aka ajiye. Haka ma in ka rubuta lambda k=akwati.get(), sakamakon ɗaya ne. A nan jinkirin nan da ya cuce ka a zagaye shi kake nema:

command=lambda: ajiye(akwati.get())

Ka ga abin? Halin lambda ɗaya ne bai canza ba. A wancan wurin guba ne, a nan magani. A manhajar gaske kuma sau da yawa duka biyun kake buƙata a layi ɗaya, a ƙulle suna tun farko, a karanta kuɗi sai an danna:

command=lambda s=suna: ajiye(s, akwati.get())

Wanda aka koya wa "sa lambda kawai" ba zai iya rubuta wannan layin da kansa ba, in ma ya kwafo shi ba zai iya gyara shi ba ranar da ya lalace.

KO KA HADDACE s=suna, BA KA TSIRA BA

Akwai masu koyarwar da suka ɗan ci gaba, suna cewa "a cikin zagaye ka sa i=i". Su ma haddar suke bayarwa. Ga inda haddar ke ƙarewa.

Tkinter yana da wata hanyar sauraron abin da mai amfani ya yi, wato bind. Da ita ake kama danna linzami, danna Enter a kibod da makamantansu. Bambancinta da command na maɓalli shi ne bind ba ta kiran fanshin ɗinka hannu rabbana. Kullum tana miƙa masa rahoton abin da ya faru: a ina aka danna, wane harafi ne, a kan wane abu. To rubuta haddarka a nan:

b.bind("<Button-1>", lambda s=suna: an_biya(s))

Rahoton nan wurin zama yake nema, wurin farko da ya gani kuwa shi ne s. Sai ya ture sunan da ka ajiye ya zauna. Yanzu an_biya ba "Audu" ta karɓa ba, rahoton danna linzami ta karɓa. Dole ka tanadar masa kujerarsa:

b.bind("<Button-1>", lambda e, s=suna: an_biya(s))

In partial ka yi amfani da ita, rahoton zai biyo bayan sunan, don haka fanshin ɗin ya zama def an_biya(suna, e=None), in ba haka ba ya ce an ba shi kaya fiye da abin da zai iya ɗauka.

Tunda mun zo nan, wata magana: kar ka sa bind a kan maɓalli alhali command na nan. Idan ka kashe maɓalli da state="disabled" don kar a danna biya sau biyu, command zai tsaya, amma bind ɗin "<Button-1>" zai ci gaba da aiki a kan maɓallin da ya dushe. Ka rufe ƙofa ka bar taga a buɗe.

Ba maɓalli kaɗai ba. Scale, wato abin jan nan na ƙara ko rage adadi, command ɗinsa yana miƙo sabon adadin, kuma a matsayin rubutu yake miƙo shi, sai ka juya shi zuwa lamba da kanka. After kuwa, mai jinkirta aiki, ba ya buƙatar lambda ma sam, yana karɓar saƙon kai tsaye: taga.after(1000, gaisuwa, "Audu"). Kowanne da halinsa.

In ka koma PyQt5, abin ya fi muni. Siginar clicked tana aiko da True ko False, don nuna ko maɓallin a maƙale yake. Ka rubuta lambda i=i: goge(i), sai False ta zauna a kujerar i. A Python kuwa False daidai take da sifili wurin ƙirga jeri. Ma'ana jeri[False] shi ne jeri[0]. A Tkinter na ƙarshe ne ke shan wahala, a nan duk maɓallin da aka danna na farko ake gogewa, shi ma ba tare da wani jan rubutu ba. Kivy da wasunku ke haɗa manhajar waya da ita, in ka ɗaura on_press da bind, maɓallin da aka danna kansa take miƙo wa fanshin ɗin.

Saboda haka tambaya ta biyu ta ƙaru a kan ta farko: wanda zai kira fanshin ɗina, me zai riƙo a hannunsa? Wannan ba a haddace shi, dubawa ake yi a takardun bayanin kayan aikin, ko ka gwada da kanka. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗaura wannan na ɗan lokaci ka danna ka gani:

def leka(*kaya):
    print(kaya)

Duk abin da aka aiko zai buga maka shi a fili.

MASU GUDU ZUWA GLOBAL

Akwai wani rukunin da in lambda ta ba su wahala sai su ce a bar miƙa saƙo gaba ɗaya. A buɗe mazubi ɗaya na kowa da kowa da global, a riƙa zuba sunan wanda aka zaɓa a ciki, kowane fanshin ya je ya ɗiba. Wannan shi ne allon malamin can, sai dai yanzu da gangan ka kafa shi a tsakar gida. Ranar da mai shago ya buɗe tagar Audu, bai rufe ba ya buɗe ta Binta don ya duba wani abu, ya dawo ta Audu ya danna ajiye, me ke cikin mazubin? Binta. Ciwon bai warke ba, wuri ya canza, kuma yanzu ya fi wuyar ganowa domin fanshin goma ne ke taɓa mazubin.

In manhajarka ta girma har lambda ta fara tsawo kamar layin mai, abin yi shi ne class. Kowane layin mai bashi ya zama abu mai zaman kansa, da sunansa da akwatinsa a cikin self, maɓallinsa kuma command=self.biya, ba lambda ba partial. Wannan darasi ne na wata rana, amma ka san can hanyar ta nufa.

Sannan ka kula da abin da kake ƙullewa. Da yawa suna miƙa matsayin mutum a jeri, wato 0, 1, 2. Ka goge na 0, kowa ya matso gaba, Binta ta koma 0, Sani ya koma 1, amma maɓallin Binta har yanzu 1 yake riƙe da shi. Danna shi, Sani ya tafi. Ka ƙulle daidai, amma abin da ka ƙulle ya tashi daga ma'anarsa. Ko sunan da na yi misali da shi don sauƙi ne, a unguwa ɗaya Audu nawa ne? Miƙa lambar da ba ta canzawa, irin id ɗin da ke cikin rumbun bayananka.

ABIN DA ZA SU CE

Na san amsoshin da za su biyo baya, bari in tare su tun yanzu.

Za su ce: "Mai koyo ne, kar a cika masa kai." Haba malam. Bayanin allo da takardar aljihu minti nawa ya ɗauke ka ka karanta? Wanda ya iya fahimtar for da def zai fahimci wannan. Kuma mai koyon nan ba zai shekara yana koyo ba, wata uku ka ji ya karɓi aikin wata makarantar unguwa ko kemis. Ba a fafe gora ranar tafiya. Raina hankalin mai koyo ne ake yi ana kiransa sauƙaƙawa.

Za su ce: "Ai na gwada, yana aiki." Da me ka gwada? Da suna ɗaya a jeri? In mutum ɗaya ne, shi ne na farko shi ne na ƙarshe, dole ya yi daidai. Ko kuwa maɓallin ƙasa ka danna, wanda dama shi kaɗai ne lafiyayye? Gwaji na gaskiya shi ne suna uku, ka danna na tsakiya, sannan ka buɗe bayanan ka ga wa aka taɓa. Ka kuma sani cewa in fanshin ya faɗi a cikin Tkinter, taga ba ta rufewa, a baƙin allon bayan fage ake buga kuskuren. In ka naɗe manhajar da PyInstaller ka ɓoye wannan allon don ta yi kyau, mai shago ba zai ga komai ba, zai ɗauka an ajiye.

Za su ce: "Laifin Python ne." Wannan kam akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Tarkon ya kama mutane da yawa har wasu yarukan suka canza dokarsu saboda shi. C# ta gyara halin foreach a siga ta 5 a 2012. JavaScript ta kawo let a 2015, wadda ke ba kowane zagaye nasa mazubin. Go ta yi nata gyaran a siga ta 1.22 a watan Fabrairun 2024. Python bai canza ba, mazubi ɗaya ne har yau. Ita kanta lambdar, da ta samo suna daga lissafin Alonzo Church na shekarun 1930 ta kuma shiga Python tun 1994, Guido van Rossum da ya ƙirƙiro yaren ya taɓa neman cire ta a 2005, daga baya ya bar ta. To amma wannan hujja ce a kanku, ba taku ba. In rami ya yi girman da har ana canza hanya saboda shi, direban da ya ɗauki ɗalibi bai nuna masa ramin ba me sunansa?

Za su ce: "Yanzu ChatGPT ke rubutawa." Ya rubuta. Sau da yawa ma zai rubuta daidai. Amma gobe mai shago zai ce a ƙara masa akwatin kwanan wata, kai za ka buɗe kod ɗin ka taɓa. Ka ga s=suna ba ka san amfaninsa ba ka share, ko ka mayar da command zuwa bind don ana so Enter ya yi aiki. Kuma in lissafi ya rikice, ba na'ura za a kira ba, lambarka ce a wayar mai shagon.

Za su ce: "Wa ke yin manhajar kwamfuta yanzu, kowa waya yake riƙe da ita." Shiga kemis, shiga ofishin makaranta, shiga wurin masu buga takardu ka ga me ke kan teburi. Ban da haka ma, wannan ilimin ba na Tkinter kaɗai ba ne. Duk inda ake cewa "in an taɓa nan, a yi kaza", a shafin intanet ne ko a Android, tambayoyin nan biyu suna nan suna jiran ka. Ko threading.Thread(target=aiki()) da mutane ke rubutawa su ga taga ta daskare, kuskuren farkon can ne ya canza riga.

ABIN DA NAKE NEMA

Kai mai koyo, daga yau duk wanda ya ce maka "sa lambda", ka ce masa: "Na gode, amma me ya sa?" In ya yi bayani, ka riƙe shi, malami ne. In ya ce "haka ake yi", ka nemi wani. Kafin ka ɗaura aiki a kan kowane maɓalli, ka amsa wa kanka: yaushe za a karanta wannan bayanin, kuma me mai kira zai aiko da shi? Kafin ka miƙa wa mutum manhajar da za ta riƙe kuɗinsa ko sakamakon jarrabawar 'ya'yan mutane, ka danna na tsakiya.

Kai kuma mai koyarwa, ba wanda ya ce ka daina nuna lambda. Ka nuna ta, ka sa ta a zagaye a gaban ɗalibanka, ka bar ta ta lalace suna kallo, sannan ka gyara. Minti biyar ne. Wanda ya ga 2, 2, 2 da idonsa ba zai manta ba. Ilimin da ka ɗauka za ka bayar amana ne, rabinsa kuma a wannan fagen ya fi babu haɗari, domin wanda bai san komai ba ba ya karɓar aikin mutane.

Ga aikin gida. Ba tare da ka kunna ba, faɗi me wannan zai buga in an danna maɓalli na biyu, kuma me ya sa:

kudi = 100
for suna in ["Audu", "Binta", "Sani"]:
    tk.Button(taga, text=suna, command=lambda s=suna: print(s, kudi)).pack()
    kudi = kudi + 100

Rubuta amsarka a takarda tukuna, sannan ka kunna ka gani. In abin da ya fito ya ba ka mamaki, koma kan labarin allo ka sake karantawa. In kana da aboki mai haɗa wa mutane manhaja, tura masa, wataƙila akwai wani Sani da ake ta rage wa bashi yanzu haka.

Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, ya sa mu riƙe amanar da aka ba mu.